Wa Zai Ɗauko Kada?

A Iloilo, Lahadi bayan sujada,
ruwan sama ya hana kowa tafiya gida.
Iyali uku muka cunkushe a falon Perpetua,
takalma a bakin ƙofa kamar kwale-kwale a gaɓa,
fanka na juya kai hagu da dama
kamar tsohon da bai yarda da zance ba.

Aka sa wa yara katun.
Wata 'yar kunkuru ce mai goyon fitila,
da kadan da ya haɗiye farin wata.
Teku ta yi duhu, masunta suka ɓata.
Awa ɗaya da rabi ana bin sawunsa,
har ya amayar da watan,
ya zame, ya faɗa ramin da ba a ganin ƙarshensa.
Kifaye suka yi rawa. Yara suka tafa.

Sai manya suka karɓi fili
a kan shinkafa da busasshen kifi.

Nicanor, dattijon coci, mai gyaran agogo,
ya ce, "Tsohuwar da ta ba ta fitilar,
me take tofawa a kan ruwa?
Tsafi ne aka yi wa fenti.
Dafin da ke cikin zuma ya fi saurin wuce maƙogwaro."

Perpetua ta nuna shi da ludayi:
"Kai da bakinka ka ba mu labarin jakin da ya yi magana,
ba mu ga ka fice daga coci ba."

Efren, direban haya, bakinsa cike,
ya ce shi haske kawai ya gani,
ƙarami, mai rawar sanyi, amma bai mutu ba.
"In wannan ba wa'azi ba ne,
to ban san me nake ji ran Lahadi ba."

Luzviminda, da kwanan asibiti a idonta,
ta ce a hankali, "Ni abin da ya tsaya mini,
sun ce wa kunkurun ƙarfinta na cikinta.
Na sha tsayawa bakin gado ƙarfe uku na dare,
na ga inda ƙarfin mutum ke ƙarewa.
Ba na so ɗana ya isa can
bai san sunan da zai kira ba."

Ni ina ta tauna, ina jiran gefen da zai rinjaya.
A nan na lura
'yata Amihan ba ta tafa ba.
Shekararta shida, haƙoran gaba biyu sun tafi.
Ta ja hannun rigata:

"Baba, ramin nan yana da tsani?"

Na ce ban sani ba.

"To wa zai je ya ɗauko kada?
Ai ya maido da watan.
Kun ce ɓarawon da ke gefen Yesu
bai maido da komai ba."

Cokali ya tsaya a hanya.
Kwanon rufi kaɗai ke magana.

Nicanor ya cire tabarau,
ya goge, ya sake gogewa,
alhali babu ƙura a jiki.
Kowa a ɗakin ya san inda ɗansa yake,
da tsawon katangar, da wayar da ke samanta,
da shekara huɗu da ba a kai masa ko sabulu ba.
Ba wanda ya kalli kowa.

Da aka zo addu'ar tashi
muka bar wa ƙaramar.
Ta gode don kifi, don ruwa, don wata,
ta ce, "Ka tuna da kada, akwai duhu a can."

Amin ɗin farko daga kusurwa ya fito,
a dushe, kamar tsohon agogon da aka ɗaura wa zuciya.

A bakin ƙofa, ana laluben takalma,
na ji shi yana tambayar Efren
ƙarfe nawa motar farko ke tashi.